Tarihin Kyautar Baka a Tsakanin Maharban Ingila da Amurka

Gabatarwa

Akwai wata al'ada a tsakanin masu sha'awar harbi da baka a Ingila da Amurka, wadda in mutum ya fara jin labarinta sai ya ɗauka wauta ce. Mutum zai sari ice, ya ajiye shi shekara guda ko fiye har ya bushe, ya yi kwana da kwanaki yana fiƙe shi yana kankara har ya zama baka. Sa'an nan ranar taron maharba sai ya ɗauko shi ya miƙa wa shugabannin taro, ya ce a ba wanda ya ci gasa, ko kuwa a jefa ƙuri'a a ba wanda rabonsa ya rantse. Ba ya karɓar ko anini, sau da yawa ma bai san wanda bakan zai faɗa hannunsa ba.

Abin da nake so in yi a cikin wannan ɗan bayani shi ne in bi sawun wannan al'ada tun daga tushenta, don mu ga abin da ya haife ta da irin amfanin da ta yi. Tarihi ya nuna cewa sa'ad da bindiga ta kori baka daga fagen fama, sarakunan Ingila sun yi iyakar ƙoƙarinsu su tsare shi da doka da tara, amma abin ya faskara. Abin da ya hana sana'ar sassaƙar baka ɓacewa shi ne gasar da aka sa wa kyauta, da kuma mutanen da suka yarda su ba da aikin hannunsu da saninsu ba da kuɗi ba.

Zamanin da doka take riƙe da baka

Kafin mu zo kan maganar kyauta, ya kamata mu san matsayin baka a Ingila tun can da. A shekarar 1252 Sarki Henry na Uku ya kafa doka cewa duk mutumin da yake da ƙasar da take kawo masa sule 40 zuwa 100 a shekara, lalle ne ya mallaki takobi da wuƙa da baka da kibau, domin in yaƙi ya tashi a same shi a shirye. A 1363 kuma Sarki Edward na Uku ya ba da umurni cewa duk namiji mai lafiya ya riƙa fita koyon harbi a ranakun hutu, ya kuma hana wasan ƙwallo da haɗa zakaru faɗa da sauran wasannin da yake ganin suna ɗauke wa samari hankali. Dalilinsa a fili yake, domin 'yan baka ne suka ci wa Ingila yaƙi da Faransa a Crecy a 1346 da Poitiers a 1356, kuma su ne suka sake yin haka a Agincourt a 1415.

Bakan nan nasu dogo ne, tsawonsa wajen ƙafa shida, kuma da wani ice ake yinsa wanda suke kira yu. Wannan ice yana da farin nama daga bayan ɓawo, da jar zuciya daga ciki. Farin yana jure miƙewa, jan kuwa yana jure matsi, saboda haka masassaƙi yakan bar farin a bayan baka, jan a cikinsa, sai ice guda ya yi aikin abu biyu. Da yun Ingila ya kasa isarsu, sai suka koma shigo da shi daga ƙasashen Turai. Har ma a 1472 aka yi doka cewa jiragen ruwan fatake su riƙa kawo sandunan baka huɗu a kan kowane tan na kayan da suka ɗauko.

Mun san ƙarfin waɗannan bakuna ta dalilin wani jirgin yaƙi na Sarki Henry na Takwas mai suna Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, aka tsamo shi a 1982. An sami bakuna 137 lafiyayyu a cikinsa da kibau fiye da 3,500. Masana sun ƙiyasta cewa nauyin jan yawancinsu ya kama daga laba 100 zuwa sama da 150. Mai karatu ya ga ke nan ba abin da za a koya a wata guda ba ne. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa dokar 1541 ta tilasta wa kowane uba ya tanadar wa ɗansa baka da kibiya biyu tun daga shekara bakwai.

To, a nan ne bindiga ta sami ƙofa. Bindigar wancan zamani ba ta kai baka saurin harbi ba, amma ana iya ɗauko ɗan ƙauye a koya masa ita cikin 'yan makonni, shi kuwa ɗan baka sai an yi shekaru ana renonsa. A 1545 wani malami mai suna Roger Ascham ya rubuta littafi sukutum yana kiran mutanen ƙasarsa kada su saki baka, amma ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. A 1595 majalisar Sarauniya Elizabeth ta Farko ta ba da umurni a daina karɓar baka a cikin rundunonin sa-kai, a maye gurbinsa da bindiga. Daga nan doka ta saki baka, masassaƙa suka shiga neman wata sana'a.

Kibiyar azurfa

Abin mamaki, ba a fi shekara takwas da wannan umurni ba sai ga labarin gasar harbi a wani gari mai suna Musselburgh a ƙasar Sikotilan. Abin da ake takara a kansa kibiya ce ta azurfa. Wanda ya ci zai riƙe ta shekara guda, ya rataya mata lamba mai ɗauke da sunansa, sa'an nan ya maido ta a sake yin gasa. Lamba mafi tsufa mai ɗauke da shekara a jikin kibiyar nan ta 1603 ce. A 1676 aka kafa ƙungiyar maharba a birnin Edinburgh, wadda daga 1822 ta zama 'yan tsaron sarkin Ingila in ya ziyarci Sikotilan, kuma a 1709 majalisar birnin ta ba ta wata kibiyar azurfa don a riƙa gasa a kanta.

A Ingila kuwa, gasar da ta fi suna ita ce ta ƙauyen Scorton a lardin Yorkshire. An fara ta ran 14 ga Mayu, 1673, da maharba 22, wani mai suna Henry Calverley ya ci. Tsarin gasar yana da ban sha'awa. Ana kafa allon bara a nisan yadi 100, wanda ya fara sa kibiyarsa a tsakiyar allon shi ne ya ci kibiyar azurfa, kuma shi ne kyaftin na wannan shekara. Amma fa cin nan yana tafe da nauyi, domin shi kyaftin ne zai shirya taron baɗi. Wanda ya fara samun jan da'irar da ke kewaye da tsakiya shi ne laftana, ana ba shi ƙahon busa na azurfa. Har wanda kibiyarsa ta maƙale a can gefen allon bai tashi a banza ba, akwai cokalin ƙaho da ake ba shi don raha. Ashe su ma sun yarda da maganar Bahaushe cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Bugu da ƙari, sun sa a cikin dokokinsu cewa duk wanda ya yi zagi ko ashar a filin harbi a ci shi tarar sule ɗaya, a raba wa matalautan garin.

Abin lura a nan shi ne yadda kyautar take aiki. Ba a ba mutum ita don ya kai kasuwa, amana ce a hannunsa, tilas ya dawo da ita, dawowarta kuwa ita ce dalilin sake haɗuwa. Abin da sarakuna suka kasa yi da barazanar kurkuku, sai ga 'yar kibiyar azurfa ta yi shi cikin ruwan sanyi. In dai za a yi gasa baɗi, to akwai wanda zai nemi baka bana, in kuwa akwai mai nema, masassaƙi ba zai jefar da kayan aikinsa ba.

Masassaƙa sun shigo fili

Duk da haka, a cikin ƙarni na 18 harbi da baka ya ja baya ƙwarai, in ban da irin waɗannan 'yan wurare. Farfaɗowarsa ta zo ne ta wata hanya da ba a zata ba. Akwai wani attajiri mai suna Sir Ashton Lever wanda yake da gidan ajiye kayan tarihi a Landan, yana da magatakarda mai suna Thomas Waring. Yawan zama a kan tebur ya sa wa Waring ciwon ƙirji, sai ya kama harbi da baka don motsa jiki, ya kuwa ji sauƙi. Ganin haka sai ubangidansa ya bi sahu, a 1781 suka kafa ƙungiyar masu son baka a Landan. Shi Waring bai tsaya ga harbi ba, ya nemi tsofaffin masassaƙa da suka rage ya koyi sana'ar, har ya zama shi ne mai yi wa 'yan ƙungiya bakuna.

A 1787 Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki George na Huɗu, ya zama uban ƙungiyar. Nan da nan harbi ya zama yayi a wurin masu hannu da shuni, maza da mata. Shi yariman yakan ba da kyaututtuka, kuma da sunansa ake kiran tsarin nisan harbi na yadi 100 da 80 da 60, da lissafin maki na 9, 7, 5, 3 da 1 bisa ga launin da'irar da kibiya ta sama.

A 1844 aka yi babban taron maharba na ƙasa na farko a birnin York, inda kowane maharbi yake harba kibau 72 a yadi 100, da 48 a yadi 80, da 24 a yadi 60. Wanda ya ci gasar shekarar 1845, Peter Muir, shi kansa masassaƙi ne, shi ne mai yi wa ƙungiyar Edinburgh bakuna. Bayansa Horace Ford ya fito, ya ci gasar sau 11 a jere daga 1849 zuwa 1859, a 1857 kuma ya tara maki 1,251 a zagaye biyu, abin da aka daɗe ba a sami wanda ya kamo shi ba.

A irin waɗannan tarurruka ne baka da kansa ya shiga jerin kyaututtuka. Masassaƙan Landan, irin su Thomas Aldred, sukan ba da baka ko kibau a ajiye tare da kofuna da lambobi don a ba waɗanda suka yi fice. Ba za a ce babu neman kasuwa a cikin wannan alheri ba, domin in gwani ya riƙe bakanka a gaban jama'a, ai ya yi maka talla. Amma an sami wani sabon abu. Kibiyar azurfa ba ta harbuwa, sai dai a rataye ta a bango. Shi kuwa baka, wanda ya ci shi gobe zai ɗaura masa tsirkiya ya fita fili.

Daga Ingila zuwa Amurka

Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka da bindiga suka tafi, saboda haka harbi da baka bai kafu a cikinsu da wuri ba, ko da yake an kafa wata ƙungiya a Philadelphia tun 1828. Bayan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, wasu 'yan'uwa biyu daga cikin sojojin kudu da aka ci da yaƙi, Maurice da Will Thompson, suka shiga daji suna farauta da baka. Maurice ya rubuta littafi a kan haka a 1878, littafin ya karɓu, har a 1879 aka kafa ƙungiyar maharba ta ƙasa, aka yi gasar farko a Chicago, Will ya ci. Amma yayin bai daɗe ba ya lafa. Wanda ya sake hura wutar wani mutum ne da ba shi da ƙungiya, ba shi da dangi, ba shi ma da wanda zai yi magana da shi da harshensa.

Mutumin nan ɗan ƙabilar Yahi ne, ɗaya daga cikin ƙabilun mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Suna zaune a duwatsun arewacin Kalifoniya. Da aka gano zinariya a yankin, baƙi suka kwararo daga 1849, suka cinye musu ƙasar farauta, suka bi su da kisa, musamman a wajen 1865, har 'yan kaɗan da suka tsira suka ɓuya a cikin kwazazzabai shekara da shekaru. A 1908 wasu masu awon ƙasa suka faɗa wa maɓoyar mutum huɗu da suka rage, suka kwashe musu bakuna da kibau da bargunan fata, watau duk abin da suke dogara da shi su ci abinci su tsere wa sanyi. Ran 29 ga Agusta, 1911, sai ga mutum ɗaya tak ya fito kusa da wata mahauta a garin Oroville, yunwa ta gama da shi. Shekarunsa wajen 50.

Malaman jami'ar Kalifoniya biyu, Alfred Kroeber da Thomas Waterman, suka kai shi gidan kayan tarihi na jami'ar a San Faransisko, ya zauna a can yana ɗan aikin shara. A al'adarsu mutum ba ya faɗin sunansa da bakinsa, saboda haka suka riƙa kiransa Ishi, watau "mutum" da harshen mutanensa. Asibitin jami'ar yana maƙwabtaka da gidan, a nan ya haɗu da wani likitan fiɗa mai suna Saxton Pope, suka ƙulla abota.

Ishi ya nuna wa Pope yadda ake yin baka irin nasu. Gajere ne, tsawonsa wajen inci 42, mai faɗi, na wani icen kan dutse. Yakan tauna jijiyar barewa har ta yi laushi, ya shimfiɗa ta a bayan bakan da danƙon da ya dafa daga fatar kifi, ya bar shi ya bushe. Tsirkiyar ma da jijiya yake murza ta. Bakin kibiya kuwa da wani baƙin dutse mai kama da gilashi yake fiƙe shi, in bai samu ba ya yi da fasasshiyar kwalba. Jama'a sukan taru ran Lahadi su kalle shi yana wannan aiki, in ya gama sai ya miƙa bakin kibiyar ga wani daga cikin 'yan kallo kyauta. Mai karatu ya dubi wannan al'amari: mutumin da aka ƙwace wa baka a 1908, shi ne yake raba aikin hannunsa ga mutanen da 'yan'uwansu suka ƙarar da danginsa.

A 1914 ya raka su Pope zuwa ƙasarsa ta haihuwa, ya nuna musu yadda ake sanɗa da yadda ake kiran nama da baki har ya matso kusa. A wajen harbin allo Pope ya zo ya fi shi, amma a daji shi ne malami. Tarin fuka ya kashe Ishi ran 25 ga Maris, 1916. Aka ƙone gawarsa tare da bakansa guda da kibau biyar. Sai dai ba a kyauta masa ba ko bayan mutuwa, domin an fiɗe gawar ba da son ransa ba, aka cire ƙwaƙwalwarsa aka aika wani gidan tarihi a Washington, ba a maido ta aka binne a ƙasarsa ba sai a shekarar 2000.

Abin da Ishi ya bayar bai tsaya a kan Pope ba. Wani tsohon maharbi mai suna Will Compton, wanda shi ma a wurin mutanen asali ya koyi sana'ar tun yana yaro, ya zo da icen yu da ya tara a jihar Oregon, ya kuma jawo wani saurayi mai suna Art Young. Pope ya fitar da littafi a 1923 wanda ya bayyana yadda mutum zai sassaƙa bakansa da kansa. A 1927 wani ma'aikaci a birnin Detroit mai suna Fred Bear ya ga sinimar farautar Young a Alaska, ya fita da niyyar sai ya yi baka, a 1933 kuwa ya fara sana'ar da ta zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin baka na duniya. A 1934 jihar Wisconsin ta keɓe wa masu farauta da baka lokacinsu na musamman, sauran jihohi suka bi.

Zamanin inji da komawa ga ice

Bunƙasar nan ta zo da nata ciwo. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanoni suka fara yin baka da zaren gilashi da danƙon roba, wanda ba ya jin zafi ko damina, ba ya kuma saurin karyewa. A 1969 wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen ya sami takardar mallakar wani sabon baka mai gargare a kowane kai, wanda in an ja shi ya kai matuƙa sai nauyinsa ya ragu, mutum ya daɗe yana bara ba tare da gajiya ba. Kafin shekarun 1980 su ƙare shi ne a hannun yawancin masu farauta da baka a Amurka. Sana'ar sassaƙa ta sake shiga hatsari, wannan karon kuwa ɗan'uwanta ne ya kusa kashe ta.

Amma ba a rasa masu riƙon gargajiya ba. A Ingila an kafa ƙungiyar masu dogon baka tun 1951. A Amurka kuma wasu masassaƙa, irin su Jim Hamm da Tim Baker, suka haɗa abin da suka sani suka buga shi a littafi a 1992, suka bi shi da wasu juzu'ai har na huɗu a 2008. Da ma a al'ada kowane gwani ɓoye sirrinsa yake yi, su kuwa sai suka baje nasu a faifai. Daga nan tarurrukan masu bakan gargajiya suka yawaita, inda ake kwana a daji ana harbi ana koya wa baƙi sassaƙa. A waɗannan tarurruka ne al'adar da na fara da ita ta zauna da gindinta: masassaƙi ya ba da baka a sa a gasa, ko a jefa ƙuri'a, ko a ba yaro, ko a yi gwanjonsa a taimaki marasa lafiya ko a cika asusun ƙungiya.

Abin da ke cikin kyautar

Don mu san nauyin wannan kyauta, sai mu dubi aikin da ke bayanta. Bayan an sari ice ana tsaga shi bisa ga tsawonsa, a shafe kawunansa da danƙo don kada ya tsattsage, a jingine shi a inuwa. A ƙasashen sanyi ice yakan ƙara zobe ɗaya kowace shekara. In da icen osej za a yi, wanda Amurkawa suka fi so, tilas masassaƙi ya bi zobe guda ɗaya daga wannan kai zuwa wancan ya mai da shi bayan baka, in ya kuskura ya yanke shi, a nan bakan zai karye. Sa'an nan sai aiki mafi wuya, watau daidaita tanƙwara. Zai kankare cikin bakan kaɗan, ya ja ya duba, ya sake kankara, har ɓangarorin biyu su lanƙwasa daidai wa daida. Ice ba ya komawa in an cire shi, saboda haka gaggawar minti ɗaya tana iya ɓata jiran shekara guda.

In ya gama yakan rubuta sunansa a jikin bakan, da nauyin jansa, da iyakar incin da za a ja shi, galibi inci 28. Wannan rubutu yana da muhimmanci, domin bakan ice ba ya yafe wa wanda ya ja shi fiye da ƙima. Shi ya sa maharba suke da ladubba: ba a jan bakan wani sai da izininsa, ba a kuma sakin tsirkiya ba kibiya. Saboda haka wanda ya ci baka a gasa bai rabu da mai bayarwa ba. Zai neme shi ya tambaye shi irin kibiyar da ta dace, da yadda ake ɗaura tsirkiya, da yadda ake ajiya. In bakan ya fi ƙarfinsa, yakan miƙa shi ga wanda zai iya. Shi ma masassaƙin sunansa ne ya sa a kasuwa, in bakan ya karye a gaban jama'a kowa ya san na wane ne, don haka ba ya ba da na yarwa. Yaba kyauta tukuici, in ji Hausawa, tukuicin da masassaƙan nan suka fi so kuwa shi ne su ga wanda ya ci bakansu ya zo baɗi da nasa da ya sassaƙa, ko da karkatacce ne.

Wani zai tambaya ko wannan bai shiga caca ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yi magana a kan sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, sun kuma halatta shi, musamman in wanda ya sa ladan ba ya cikin masu takara. Wannan kuwa shi ne matsayin masassaƙin da ya ba da bakansa. Inda gizo yake saƙa shi ne inda ake sayar da tikiti kafin a jefa ƙuri'a, kamar yadda wasu tarurrukan suke yi, domin a nan mutum ya sa kuɗinsa ne a kan sa'a.

Kammalawa

In muka tattara abin da ya gabata za mu ga cewa baka ya tsallake mutuwa sau biyu, na farko a hannun bindiga, na biyu a hannun inji. A duka biyun, mutane ne 'yan kaɗan suka ga dama suka sa abu a tsakiyar fili suka ce a zo a gwada, ko suka zaunar da baƙo suka nuna masa yadda ake riƙe wuƙa. Littafi yana iya faɗin tsawon baka da faɗinsa, amma sanin lokacin da za a daina kankara sai wanda ya tsaya kusa da gwani.

Mu ma nan baka ba baƙonmu ba ne. 'Yan bakan jama'ar Shehu ne suka tsaya wa dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804, kuma kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh a Burmi a 1903. Muna da sarautar Sarkin Baka, muna ganin 'yan baka a hawan salla. Abin tambaya shi ne, mu ɗalibai da muke karatun al'adun Hausawa, mu nawa ne muka taɓa zama gaban mai yin baka muka rubuta irin icen da yake sara, da watan da yake sararsa, da abin da yake murza tsirkiya da shi? In ƙungiyarmu ta shirya gasar harbi a makon Hausa, ta sayi baka da kwari a hannun tsohon maharbi ta sa su kyauta, ta kuma gayyato shi ya yi bayani, kuɗin da za a kashe bai kai na lemon da muke sha a taro guda ba. Mutanen Scorton da kibiya ɗaya suka fara, ga shi an haura shekara 350. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, amin.